Amsoshin Tambayoyinku: Ɗakin Katakon Da Ke Hawa Da Sauka Tare Da Teku

TAMBAYA: Ni kafinta ne. Yaron shagona ya nuna mini hoton wani ɗakin katako mai siffar ƙwai a kan ruwa, ya ce a Ingila yake. A wani hoton kuma ga ɗakin nan zaune cikin laka, babu ruwa ko ɗigo. An ce wai aikin fasaha ne, don kallon gaɓar teku aka yi shi. Don Allah ina ruwan ya tafi? Me ya hana ɗakin nutsewa, ko ruwa ya yi gaba da shi? Yaya katakon bai ruɓe ba? Mene ne amfaninsa, kuma akwai irinsa a Najeriya?

Daga wani mai karatu a Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA: Malam, bisa siffar da ka bayar, abin da aka nuna maka shi ne Ƙwan Exbury, kuma hotunan nan biyu duka na gaskiya ne. A wuri ɗaya aka ɗauke su, mai yiwuwa ma a rana ɗaya. A shekarar 2013 aka ɗaure shi a kogin Beaulieu da ke yankin Hampshire a kudancin Ingila, dab da inda kogin yake shiga teku. Tsawonsa kimanin mita 6 ne, a cikinsa akwai wurin kwana, da teburin aiki, da ɗan murhu, da makewayi. Wani ofishin masu zanen gine-gine mai suna PAD Studio ne ya tsara shi tare da wata ƙungiyar fasaha da ake kira SPUD, maƙerin jiragen ruwa ya haɗa shi, sannan wani mai fasaha, Stephen Turner, ya tare a ciki na tsawon shekara guda, daga tsakiyar 2013 zuwa tsakiyar 2014. Bari mu bi tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya.

Ina ruwan ya tafi?

Mu da muka tashi nesa da teku mun san kogi ya cika da damina ya ƙafe da rani, abu ne na shekara. Shi kuwa teku, a yawancin gaɓoɓin duniya, sau biyu yake cikowa sau biyu yake janyewa a cikin kwana ɗaya da 'yan mintoci. Daga wannan cika zuwa mai bi mata awa 12 ne da minti 25. Ke nan wanda ya bar ruwa maƙil da hantsi, in ya dawo da la'asar laka zai tarar, in ya sake leƙowa bayan isha'i sai ya ga ruwan ya dawo.

Wata ne ke jan ruwan. Yana jan gefen duniyar da ke fuskantarsa fiye da yadda yake jan tsakiyarta, yana kuma jan tsakiyar fiye da gefen da ya ba shi baya. Wannan bambancin ƙarfin ja shi ke sa ruwan teku ya kumbura ta gefe biyu, da na kusa da wata da na nesa da shi. Da yake duniya juyawa take yi, kowace gaɓa sai ta ratsa kumburin nan biyu a kwana. Isaac Newton ne ya fara fayyace lissafin a 1687. Ka san kuma bayan daren sha huɗu kullum wata ƙara jinkirin fitowa yake yi; to, haka cikar teku take jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana, domin watan take bi.

Rana ma tana ja, amma saboda nisanta ƙarfinta a wannan fanni bai kai rabin na wata ba. Idan wata ya tsaya, da kuma tsakiyar wata, su biyun a layi ɗaya suke, sai jan nasu ya haɗu: ruwa ya ciko fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. A wajejen bakwai ga wata da ashirin da biyu ga wata kuwa kowa gefensa yake ja, sai cika da janyewar su yi rauni. Duk mai lissafi da watan Musulunci yana riƙe da rabin jadawalin teku a kansa.

Sauran rabin siffar gaɓa ce. Inda teku ya kutsa cikin lungu mai faɗin baki da tsukakken ƙarshe, ruwa kan taru ya hau sosai. A mashigin Fundy na ƙasar Kanada tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 16, tsayin bene mai hawa biyar ke nan. A bakin kogin Severn na Birtaniya da tsibirin Mont-Saint-Michel na Faransa takan kai wajen mita 14. A Bahar Rum kuwa, a mafi yawan wurare, ko rabin mita ba ta kaiwa, haka ma a Jidda, shi ya sa alhazanmu kan ga teku su dawo ba su lura da komai ba. A Legas wajen mita ɗaya ce, tana ƙaruwa in an nausa gabas, har ta kusanci mita 3 a Kalaba. Kogin Beaulieu yana zuba ne a mashigin Solent, tsakanin Ingila da tsibirin Wight, yankin da ya yi suna da cika mai daɗewa, inda ruwa kan tsaya ko ya sake ɗagowa kafin ya juya.

Me ya hana shi nutsewa ko tafiya?

Wanda ya taɓa ganin masuntan Argungu sun kifa ciki a kan gora ya riga ya san ƙa'idar. Duk abin da aka saka a ruwa yana ture wani ruwa daga wurinsa, shi kuma ruwan yana ɗaga shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin abin da aka ture. Wani Bagirke mai suna Archimedes ya gano haka fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce, ta ruwan gishiri ta ɗan ɗara haka. Saboda haka gangar roba mai cin lita 200, in an toshe bakinta, za ta ɗauki abin da ya kusa kilo 200 kafin ta nutse. Guda ɗari za su ɗauki kusan tan 20. Ƙwan nan cikinsa iska ce, ɗan kaɗan daga gindinsa ya isa ya ture ruwan da ya kai nauyinsa da na mai zama a ciki.

Hana nutsewa shi ne mai sauƙin. Abu mai zagaye mirginawa yake son yi, don haka sai an tara nauyi a can ƙasa, yadda duk lokacin da iska ko igiyar ruwa ta karkata shi zai komo daidai da kansa. Masu ƙera jiragen ruwa sun daɗe da sanin cewa nauyi a sama shi ke kifar da jirgi.

Sai batun ɗauri, wanda a nan ne ƙwarewa take. A tafki kana iya ɗaure kwale-kwale da gajeriyar igiya ka tafi gida. A inda ruwa ke hawa mita uku ko huɗu, gajeriyar igiya ko dai ta tsinke ko ta danne abin da aka ɗaure ya sha ruwa. Doguwa kuma ta bar shi ya yi ta gararamba yana karo da gaɓa. Hanya biyu aka fi bi. Ko a kafa dogayen turaku a ƙasan ruwa a zura musu zobba, abin ya riƙa zamewa sama da ƙasa a jikinsu, ko kuma a jefa anka ta fuskoki daban-daban da sarƙa mai nauyi, wadda kan kwanta a ƙasa in ruwa ya janye, ta miƙe a hankali in ya ciko. Kar ka manta kuma ruwan bakin kogi sau huɗu yake sauya alƙibla a kwana, don haka ɗauri ta fuska ɗaya ba ya wadatarwa.

Na ƙarshe, dole gindin ya jure zama a ƙasa. Abin da ke irin wannan wuri yakan sauka kan laka ya sake tashi sau 700 da ɗoriya a shekara. Kowace sauka gwaji ce ga duk wata mahaɗa da kafinta ya yi.

Batun katako

A nan ne na san kunnenka yake. Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da itace. Wasu ƙwayoyin halitta dangin funfuna ne ke cin sa, su kuwa sai da danshi da iska tare suke rayuwa. Itacen da ya nutse cikin laka, inda iska ba ta kaiwa, yakan yi ɗaruruwan shekaru garau. Birnin Venice na Italiya a kan turakun itace yake tsaye, fadar sarauta ta Amsterdam ma, wadda aka gina a ƙarni na 17, tana kan turaku 13,659. Inda katako ya fi shan wahala shi ne tsakanin layin cika da layin janyewa, wurin da yake jiƙa ya bushe, ya kumbura ya tsuke, sau biyu kullum.

Ruwan gishiri yana da nasa ɓarayin. Akwai wata halitta mai kama da tsutsa, dangin kawa ce a asali, da ke huda katako ta cinye cikinsa ta bar bayan lafiya lau. A farkon shekarun 1730 ta cinye turakun katangun da ke tsare ƙasar Holan daga teku, har ya zama dole aka koma yin su da duwatsu. Gishiri kuma yana cin ƙusa, shi ya sa masu wannan aiki ba sa amfani da ƙusar kasuwa, sai ta tagulla ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

An lulluɓe Ƙwan Exbury ne da siraran filankan itacen sida, wanda ba shi da nauyi, yana lanƙwasuwa, yana kuma da wani mai na halitta da ke jinkirta ruɓewa. An jera su a kan haƙarƙarin katako kamar yadda ake ƙera jirgi. Don turaku da gadojin tashar jiragen ruwa kuwa, Turawa sun daɗe suna sayen wani itace daga dazuzzukan Kamaru da Gabon da kudancin Najeriya, ana kiran sa eki ko azobe. Tsabar nauyinsa nutsewa yake yi a ruwa. Ka ga ke nan kowane itace da gurbinsa: mai nauyi a kafa shi, marar nauyi a ɗora shi.

To me ya sa masu fasaha ke zaɓen katako alhali ga roba ga ƙarfe? Na farko, ana iya haɗa shi da hannu, a kwance shi a kwashe ba tare da an bar kankare a wurin da doka ta kare ba, kuma kogin Beaulieu yana cikin gandun New Forest ne da gwamnati ke kiyayewa. Na biyu, katako ba ya ɓoye abin da ya same shi. Da gangan aka bar bayan ƙwan ya sha rana da ruwan sama da gishiri, domin bayan shekara a ga inda ruwa ya saba tsayawa, da inda gansakuka ta kama, da inda rana ta koɗar da launi. Abin da kai za ka kira lalacewar aiki, su a wurinsu yana cikin aikin.

Mene ne amfaninsa?

Irin wannan fasaha ba ta ratayewa a bango ba ce. Ana yin ta ne domin wani wuri takamaimai, mutum ya shiga cikinta, ta sa ya ga wurin yadda bai saba ganin sa ba. Gaɓar da teku ke cikowa yana janyewa tana da wuyar gani, domin sauyinta ya fi ƙarfin haƙurin mai wucewa. Baƙo yakan tsaya minti goma, ya ga ruwa ko ya ga laka, ya tafi da zaton ya ga wurin, alhali rabinsa ya gani.

Wanda ke tsaye a kan gaɓa ruwa yake gani yana hawa yana sauka. Wanda ke cikin ɗakin da ke kan ruwa kuwa ƙasa yake gani tana nutsewa tana ɓullowa, domin shi da ruwan tare suke tafiya. Yana jin lokacin da ɗakin ya saki laka ya ɗaga, yana jin lokacin da ya juya ya fuskanci teku. In ruwa ya janye sai ya tsinci kansa a tsakiyar kwazazzaban laka, ƙaguwa na fitowa daga ramuka, tsuntsaye masu dogon baki na sauka suna tonon tsutsa. Zuwa da kai ya fi aike. Turner ya shafe shekararsa yana rubuta abin da ya gani, yana ɗaukar hotuna, yana zane da tawadar da ya haɗa daga tsirran wurin, ɗaliban makarantun yankin kuma suna bibiyar aikin. Daga baya aka zagaya da ƙwan wasu garuruwa, har da Landan da Burnley da Hastings.

Lakar nan da ido ke rainawa dukiya ce. Tekun Wadden, wanda ya bi gaɓar Holan da Jamus da Denmak na kimanin kilomita 500, kusan duk irin wannan laka ce, kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ne ke yada zango a can kowace shekara, da yawansu a hanyarsu ta zuwa gaɓar Muritaniya da Gini Bisau. Fadamun gishiri da ke bayan lakar kuma suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai ga gidajen mutane. Yanzu ga shi teku na ƙaruwa: daga 1901 zuwa 2018 ya hau da kimanin santimita 20. Inda aka gina katanga a bayan fadama, ba ta da wurin ja da baya, sai ruwa ya cinye ta. Mutum ba ya kare abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba, kuma wannan ita ce hujjar masu irin wannan aiki.

Ba Turner ne farau ba. A 1979 wani mai zanen gine-gine ɗan Italiya, Aldo Rossi, ya ɗora gidan wasan kwaikwayo da aka lulluɓe da katako, tsayinsa kusan mita 25, a kan wani faffaɗan jirgi a Venice, har aka ja shi ya tsallaka teku zuwa Dubrovnik a 1980. Wasu kuma kafawa suke yi su bar ruwa ya zo ya same su. A ƙauyen Lavau da ke bakin kogin Loire a Faransa, Tadashi Kawamata ɗan Japan ya gina hasumiyar katako a 2007, daga baya aka shimfiɗa mata doguwar gadar katako ta ratsa fadama, domin mutanen ƙauyen su sake ganin kogin da laka ta nisanta da su. A Holan, kusa da Stellendam, an buɗe wani ɗakin kallon tsuntsaye mai siffar ƙwai a 2019, na katako da rufin ciyawa, an yi gindinsa da katakon da zai jure in ruwa ya hau. Antony Gormley kuwa ƙarfe ya zaɓa: siffofin mutum 100 ya kafa a rairayin Crosby kusa da Liverpool a 2005, teku na rufe su yana buɗewa kullum.

Akwai irinsa a Najeriya?

An taɓa yin ɗan'uwansa, kuma ya fi shi suna a duniya. A 2013 Kunle Adeyemi, mai zanen gine-gine haifaffen Kaduna, ya kammala makarantar kan ruwa a Makoko, unguwar masunta da ke kan tafkin Legas. Ginin katako ne mai kusurwa uku, hawa uku, tsayinsa mita 10, an ɗora shi a kan gangunan roba 256, kafintocin unguwar ne kuma suka haɗa shi. Don karatun yara aka yi shi, amma ƙa'idarsa ɗaya ce da ta ƙwan: in ruwa ya hau, ginin ya hau tare da shi.

A watan Mayun 2016 wani sabon samfurinsa ya ci lambar yabo a babban baje kolin gine-gine na Venice. A ranar 7 ga Yunin shekarar, na Makoko ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, domin an riga an kwashe ɗaliban tun kafin nan. An ci gaba da gyara tsarin, aka gina wasu a Bruges ta Beljiyam da Chengdu ta ƙasar Sin a 2018, sannan a Mindelo ta tsibiran Kef Bad.

Darasin Makoko shi ne katako a kan ruwan gishiri kullum yana bin mai shi bashin kulawa: a duba mahaɗa, a sauya abin da ya ci, a ƙara ɗauri. Aikin fasaha na wata shida ko shekara guda yana iya kauce wa wannan bashi, domin kafin ya tsufa an kwashe shi. Makaranta ko gidan zama ba su da wannan damar. Saboda haka in ka ji ana cewa irin waɗannan gine-gine su ne maganin ambaliya, ka tambaya wa zai riƙa gyara, da kuɗin wa. Masu suka kuma suna da gaskiya in sun ce tururuwar 'yan kallo na iya korar tsuntsayen da aka zo kallo. Shi ya sa a wuraren da doka ta kare sai da izini, a kan kuma taƙaita masu shiga.

A taƙaice, Malam, abin da ka gani jirgi ne a ƙira, ɗaki ne a amfani, kuma aikinsa shi ne ya zaunar da mutum wuri ɗaya har ya ga teku ya cika ya janye. A wannan aikin ya yi nasara, kuma hannun masu sana'a irin taka ne ya fitar da shi.

In Allah ya kai ka Kalaba ko wata gaɓa mai irin wannan hali, ka duba kwanan wata. Ka je kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, ko ranar sha biyar zuwa sha shida, ka sa ido a kan turke guda, ka ba shi awa shida. Amma kada ka taka cikin lakar don ka ga ruwa ya yi nisa, sai da ɗan gari wanda ya san lokacinsa. A shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ruwa kan dawo da sauri, yakan kuma zagayo ta bayan mutum ya datse masa hanya. A watan Fabrairun 2004, a mashigin Morecambe na Ingila, haka ya rutsa da wasu 'yan ƙasar Sin masu tsintar kawa, mutum 21 aƙalla suka rasu a dare ɗaya.